Faifan tera 4 ya ƙi zama lafiya da kwamfutoci uku a studiyona, wa ke da dabara?

Mai Studiyo:
Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina neman taimako tun kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Sati biyu ke nan da na sayi faifan ajiya na waje, tera 4, irin babban nan mai sharjarsa daban. Aikin biki ya yi mana yawa tun bayan salla, kowace kwamfuta ta cika maƙil, muna goge na wancan wata don mu zuba na wannan. Har wata amarya daga Madarunfa ta dawo neman hotunanta, na rasa bakin magana. Shi ne na ce bari a samu faifai ɗaya babba kowa ya zuba aikinsa.

Kwamfuta uku gare mu. Ta montaji tana kan Windows 10. Akwai tsohuwa mai XP, ita ke haɗe da babban injin buga hoto, don direbansa ba ya tafiya kan komai sai XP. Sai MacBook na yarona, da shi yake gyaran kala.

Ta montaji tana ganin faifan, amma tera 3.63 take nunawa, ba 4 ba. Mai XP kuwa, fitila na kamawa, kana jin faifan yana juyawa, amma ko inuwarsa ba ka gani. Mac yana buɗewa, a kwashi abin da ke ciki, amma ba ya yarda a zuba ko hoto ɗaya. Na mayar wa mai shagon, ya jona a tasa, ya ce lafiya lau. Yanzu akwai aikin biki shida a ciki. Cutata aka yi ko kuwa?

Ɗan Tasawa:
Wa alaikumus salam maigida. Wannan ai ba abin dogon zance ba ne. Fomate shi da tsohon tsarin ajiyar fayil na FAT32 ka huta. XP na karantawa, Mac na karantawa, har talabijin da rediyon mota.

Mai Turi na Sabon Gari:
Ɗan Tasawa, ka taɓa zuba fim mai nauyi a FAT32? Fayil ɗaya ba ya wuce jiga 4 a cikinsa, ko da faifan fanko ne. Mu masu tura fina-finai kullum muna cin karo da shi: mutum ya kawo kile mai jiga 64 ba komai ciki, ka tura masa fayil na jiga 5, kwamfuta ta ce ya yi girma. Sai ya ce kai ne ba ka iya ba. To bidiyon biki na awa biyu fa, jiga nawa ke nan? Kuma ka ji mutum ya ce aikin biki shida na ciki, kai kana cewa fomate.

Ɗan Tasawa:
Ai sai ya kwashe tukuna. Ban ce ya goge da kaya a ciki ba.

Mai Studiyo:
In kwashe in kai ina, ƙanena? Rashin wurin ne ya sa na saye shi.

Injiniya na Zariya:
Alhaji, kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka. Kuma kada ka taɓa komai tukuna. Matsala uku ce daban-daban ka haɗa wuri ɗaya, kowace da maganinta.

Ta farko ba matsala ba ce ma. Bambancin tiya ne. Masu ƙera faifai da dubu suke awo, tera 4 a wurinsu bayit 4,000,000,000,000 ne. Windows kuma da 1024 yake awo. Hatsin ɗaya ne, amma in ka auna da babbar tiya ƙidayar za ta ragu, shi ne 3.63 ɗin da kake gani, ko jiga 3726. Ka ce wa yaronka ya duba a Mac, zai ga tera 4 cif, don su Apple tun 2009 suka koma awo da dubu.

Ta biyu ita ce ta Mac. Faifanka NTFS ne, tsarin Microsoft tun 1993. Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a cikinsa, haka yake zuwa, ba lalacewa ba ce.

Ta uku, ta XP, ita ce mai ɗan nauyi. Kafin a zo maganar NTFS ko FAT, akwai wani ɗan rajista a farkon faifai wanda ke faɗin inda kowane kashi ya fara da inda ya ƙare. Tsohon salonsa MBR ne, sabon kuma GPT. XP na gama-gari, mai bit 32, bai san GPT ba sam. In ka shiga wurin sarrafa faifai a XP ɗin za ka gan shi a can, an rubuta cewa kashi ne na kariyar GPT, ba harafi, ba a buɗewa. Duba ka gaya mana.

Mai Studiyo:
Wallahi haka ne Injiniya, yanzu na duba, yana nan kamar yadda ka faɗa. Yaron ma ya ce 4 ne a nasa. To alhamdu lillahi, na sauke zargin mai shago, har na fara jin kunyar irin kallon da na yi masa.

Ɗan Tasawa:
To a mayar da shi MBR ɗin mana, tunda XP ya san shi.

Injiniya na Zariya:
Sai ka yi asarar kusan rabin kuɗinka. MBR yana ba kowane ɗaki a faifai lamba, lambobin kuma suna ƙarewa a 4,294,967,296. Kowane ɗaki bayit 512 ne. Ka ninka, zai ba ka jiga 2048, wato tera 2. Daga nan lamba ta ƙare. Sauran jiga 1678 za ka gan su baƙi ƙirin a gefe, ba ka iya yin komai da su. Kamar ka gina shaguna ɗari ne amma littafin haya mai layi hamsin da biyar ne kawai. Ban da wannan, in ka juya shi ta hanyar da Windows ya tanada sai ka fara share duk abin da ke ciki.

Malam na Tibiri:
Injiniya, gafara dai, ni kam ina da ja kan wagga magana. Akwai wani faifai gare mu a lakkwal, tera 3, tun da daɗewa anka kawo muna shi. Kwamfutar ofis XP ce har gobe, kuma tana buɗe shi duka, ba rabi ba. Ni da hannuna nike zuba takardun jarrabawa ciki. To mi za ka ce?

Injiniya na Zariya:
Mushe, gaskiyarka, kuma na san irinsa. Wancan wayo ne na kwanson faifan, ba na XP ba. Lokacin da faifai masu tera 3 suka fara fitowa XP ne ke cike da duniya, sai wasu kamfanoni suka sa ɗan allon da ke cikin kwanson ya riƙa gaya wa kwamfuta cewa kowane ɗaki bayit 4096 ne maimakon 512. Lambobin ba su ƙaru ba, ɗakunan ne suka faɗaɗa sau takwas, sai MBR ya kai har tera 16. Na Alhaji sabo ne, bai zo da wannan wayon ba.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma don Allah ka riƙe wannan. Ran da kwanson nan ya mutu, ko bakin USB ɗinsa ya karye, in wani ya fasa ya ciro faifan ya jona kai tsaye cikin kwamfuta ko cikin wani kwanso na daban, lissafin zai rikice. Za a ga faifan kamar ba a taɓa zuba komai ba, ko a ga wani ɗan kashi da bai buɗuwa. Kaya na nan daram, awon ne ya sauya. An taɓa kawo mini irin wannan, mai shi har ya yi sallama da aikin shekara huɗu. Muka nemo kwanso irin na farko muka mayar, komai ya dawo kamar ba a yi ba. Da yaron da ya fara dubawa ya danna fomate, da zance ya sha bamban.

Malam na Tibiri:
Ashe! To wallahi bakin namu ya hwara rawa, sai an tokare shi da littafi yake kamawa. Gobe in sha Allah in kwashe abin da ke ciki tun da sauran numfashi.

Ɗan Jami'a:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki. Ni a ganina exFAT ne amsar maganar Mac. Don irin wannan aka yi shi tun 2006: ba shi da iyakar jiga 4, Windows na rubutu, Mac na rubutu tun 2010, Linux ma ya shigo da shi cikin zuciyarsa a 2019 bayan Microsoft ta buɗe bayanansa. Manyan katunan kyamara da kuke amfani da su, masu jiga 64 zuwa sama, da exFAT suke zuwa. Ba sai an sayi wata manhaja ba. A ari faifai na kwana ɗaya, a kwashe, a fomate, a mayar.

Hajiya Mai Buga Takardu:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma kada ka kai Alhaji ka baro. Ni na sha wannan ruwan. Irin shawararka wani ya ba ni bara, don ƴata tana da Mac ni ina da Windows. Wata uku muna jin daɗi. Ran nan da la'asar, lokacin zafi, ina cikin zuba kundin wasu ɗalibai, aka ɗauke kuran. Nawa faifan ma irin mai sharja ne, ya mutu nan take. Da kuran ya dawo na jona, sai ga wani ɗan akwati a allo yana cewa dole in fomate faifan kafin in yi amfani da shi, ga maɓallin nan yana jirana. Na kai wa ƴata, nata Mac ɗin ya ce bai iya karantawa, shi ma ga nasa maɓallin gogewa. Ɗalibai uku na zaune kan benci suna kallona, ɗaya jibi zai kare kundinsa. Hannuna har rawa yake. Allah ya taimake ni ban danna ba, na naɗe shi cikin gyale na hau adaidaita. Kwana biyu aka yi ana tono da wata manhaja, TestDisk ko me, aka samo mafi yawa, wasu kuma sun dawo ba suna, sai lambobi. Na kwana uku ina buɗewa ɗaya bayan ɗaya ina gane na wane ne.

Ɗan Jami'a:
Mama, ai ko wane irin faifai aka yanke wa wuta yana cikin rubutu zai iya lalacewa. Ba laifin exFAT ba ne, laifin rashin ondilar ne, na'urar nan mai riƙe wuta in an ɗauke kuran.

Injiniya na Zariya:
Rabin gaskiya ka faɗa. Kowane na iya lalacewa, amma ba daidai suke ba. NTFS yana da littafin shiga da fita, kamar na ɗan kasuwa: kafin ya taɓa tsarin faifai sai ya rubuta abin da zai yi. In wuta ta yanke, da ya farka sai ya duba littafin, ya ƙarasa ko ya janye. Fayil ɗin da kake cikin zubawa zai iya tafiya, amma gidan bai rushewa. Shi exFAT ba shi da wannan littafin. A kan katin kyamara mai batir ba laifi. A kan tera 4 mai jingine da kuran Maradi cikin watan Afrilu, ni ba zan ba ɗan'uwana wannan shawara ba. Sannan ko an yi exFAT ɗin, XP na nan inda yake, don ba a can matsalarsa take ba, GPT ne ya tare shi tun daga ƙofa.

Ɗan Jami'a:
Na yarda da maganar littafin. Amma sai ya sayi Paragon ko Tuxera don Mac ya iya rubutu a NTFS, kuɗi ne, kuma da katin banki ake biya. Duk lokacin da Mac ya sabunta kuma sai ka yi addu'a kada ta daina aiki.

Mai Turi na Sabon Gari:
Akwai fasassu ai, ina da su.

Shugaban Zaure:
Mai Turi, mun sha faɗa, ba a tallar fasasshiyar manhaja a nan. Ballantana wadda za ta riƙa rubutu cikin faifan da abincin mutum ke ciki.

Yaron Studiyo:
Salamu alaikum, ni ne mai Mac ɗin, maigida ya sa ni cikin zauren. Tambaya gare ni. Na ga wani ɗan abu a kasuwa mai baki huɗu na USB. Ba za a iya jona faifan a jikinsa ba, sannan a ja waya zuwa kowace kwamfuta, kowa ya yi aiki lokaci guda?

Injiniya na Zariya:
A'a ɗana. Wancan kwamfuta ɗaya yake raba wa kaya da yawa, ba ya raba kaya ɗaya ga kwamfutoci. Kuma ka gode wa Allah da bai yi. NTFS da exFAT duk an gina su ne kan cewa maigida ɗaya ne ke riƙe da faifai. In biyu suka riƙe lokaci guda, wannan ya ga fili ya zuba, wancan ma ya ga filin nan ya zuba a kai, ba wanda ya san da wani. Ko manyan ma'aikatu masu rumbun faifai da sabobi da yawa ke jone da shi, sai sun sa wani tsari na musamman mai raba musu layi.

Amma tambayarka ta kawo mu inda nake so mu zo tun ɗazu. Duk gardamar nan ta FAT da NTFS da GPT ta taso ne don ana ɗaukar faifan daga tebur zuwa tebur kamar butar shayi. Ku daina yawo da shi. A bar shi NTFS yadda yake, a jone da kwamfutar montaji dindindin, ita ce uwar ɗakinsa. Sauran su roƙe ta ta rezo. In Mac ya nemi fayil ta rezo, ba ruwansa da NTFS, bai ma san da shi ba. Cewa kawai yake, ajiye mini wannan, Windows ne ke rubutawa da hannunsa. Haka XP, ba ruwansa da GPT ko girman faifai, dosiye kawai yake gani. Ba fomate, ba kwashe kaya, ba sayen manhaja. Ɗan akwatin raba rezo da wayoyi uku.

Mai Studiyo:
Injiniya, wannan ta shige ni. Muna da wifi a shago ai, ba zai wadatar ba?

Injiniya na Zariya:
Don hoto zai yi, don bidiyo za ku yi ta hamma. Ja waya. Kuma in za ka sayi akwatin ka duba ya zama mai gigabit. Tsohon mai megabit 100 abin da yake kaiwa wajen mega 11 ne a daƙiƙa, gigabit kuma wajen mega 110. Biki mai jiga 40, a na farkon awa guda ne, a na biyun minti shida ko bakwai. Yawancin MacBook na yanzu ba su da bakin wayar rezo, sai yaron ya nemi ɗan mahaɗi. A Mac ɗin zai danna Cmd da K, ya rubuta smb:// da lambar rezo ta kwamfutar montaji. Ka buɗe masa asusu da kalmar sirri a Windows ɗin, kada ka bar shi ƙofa buɗe don sauƙi.

Ɗan Jami'a:
Baba Injiniya, ka tsallake rami ɗaya. XP da Windows 10 ba sa jin yaren juna ta rezo haka kawai. Yaren rabon fayil ta rezo SMB ake ce masa, XP kuwa SMB1 kaɗai ya iya. Daga Vista aka kawo SMB2, Windows 8 ya zo da SMB3, kuma tun ƙarshen 2017 sabon Windows 10 ba ya zuwa da SMB1 a kunne. Ba don mugunta ba ne. Ta wannan ƙofar WannaCry ya shiga a watan Mayun 2017, ya kulle fayilolin mutane a ƙasashe sama da ɗari yana neman fansa, har asibitocin Ingila sai da suka tsaya. Yanzu kana so a sake buɗe ƙofar a kan kwamfutar da duk dukiyar studiyo ke jikinta, kuma tana kan intanet? XP ɗin da Microsoft ta yaye tun 8 ga Afrilu 2014?

Ɗan Tasawa:
Wa zai baro Turai ya zo satar hoton amaryar Madarunfa?

Ɗan Jami'a:
Ba mutum ne ke zaɓa ba, yaya. Abin yawo yake da kansa, duk ƙofar da ya samu buɗe shiga yake. Kwastoma ɗaya ya hau wifin shago da kwamfuta mai ciwo ya isa.

Injiniya na Zariya:
Yaron nan ya kama ni, kuma yana da gaskiya. Ban manta ba, ina so ne a fara gama na Mac. To mu tambayi Alhaji: me XP ɗin ke bukata daga cikin tera 4?

Mai Studiyo:
Hotunan da za a buga kawai. A rana ba su wuce ɗari ko ɗari biyu.

Injiniya na Zariya:
Ka gani. Muna ta neman yadda za mu kai shi rumbu alhali tiya ɗaya yake ci. A juya abin. Kada XP ya shiga babban faifai ko kaɗan. Shi zai buɗe ɗan dosiye a cikinsa, a sa masa suna "A buga". A Windows 10 ka shiga wurin kunna ƙarin kayan Windows, ka nemo SMB 1.0/CIFS. Rassa uku ne a ƙarƙashinsa. Ka kunna na mai zuwa karɓa kawai, wato kiliyan, ka bar na saba, wato mai buɗe wa wasu ƙofa, a kashe. Ta haka kwamfutar montaji za ta iya miƙa wa XP hotuna, amma ita ba ta buɗe tsohuwar ƙofar ga kowa ba. Na ukun shi ne mai cire abin da kansa in kwamfuta ta yi kwana 15 a kunne ba a yi amfani da shi ba, ka cire masa alama, in ba haka ba wata rana ku tarar ya ɓace. XP kuma a ba shi lambar rezo da hannu, a bar gurbin mashigar intanet fanko, kada ya leƙa waje.

Ɗan Jami'a:
Ya fi na farko, amma ni har yanzu raina bai kwanta ba. Da ni ne, tsohuwar kwamfuta zan samu in sa mata Linux da Samba, manhajar rabon dosiye ta rezo, ta zama uwar ɗakin, ba ta montaji ba. Ta montaji kullum ana kashewa, ana kunnawa, ana cusa mata kile iri-iri. Shi kansa Windows 10 ɗin tallafinsa na kyauta ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025.

Hajiya Mai Buga Takardu:
In ta lalace ranar Juma'a kana aji ko ka tafi Yamai, wa zai gyara masa? Alhaji ya san Linux? A bar mutum da abin da hannunsa ya saba.

Ɗan Jami'a:
Mama ai koyo ake yi.

Hajiya Mai Buga Takardu:
Ana koyo, amma ba da bikin mutane ba. Ni abin da ya fi damuna ma ba wanda ya taɓo shi. Alhaji, ka ce kana goge na cikin kwamfutoci kana mayarwa can. Wato duk ƙwanka a kwando ɗaya. In ya faɗo daga tebur fa? Ka sayi na biyu, ko ƙarami ne, duk daren Alhamis a kwafe aikin da ba a ba masu shi ba, a cire a kai gida.

Mai Studiyo:
Hajiya, maganarki dutse, amma aljihu ya yi ƙasa yanzu. Sai bayan kaka in bukukuwa sun buɗe. Ondilar dai akwai, zan mayar da sharjar faifan jikinta yau ɗin nan, da can a bango take. Zan gwada duka in dawo muku.

Mai Turi na Sabon Gari:
Kafin ka dawo, in ƙara ɗaya tunda akwai Mac a zancen. In kun ga wasu ƙananan fayiloli masu farawa da ɗigo da ɗan layi a ƙasa, suna ɗauke da sunan hotunanku, ko wani .DS_Store, ba birus ba ne, Mac ne ke barin sawunsa. Wani kwastoma ya taɓa tsare ni da rantsuwa wai na zuba masa ciwo a kile, talabijin ɗinsa na nuna kowane fim sau biyu, ɗaya ba ya buɗuwa. Sannan ka ce wa yaron ya daina sa alamar tambaya, ko tauraro, ko layin nan mai karkata na kwanan wata cikin sunan dosiye. Mac na haƙuri da wasunsu, Windows ba ya karɓa.

Yaron Studiyo:
Kai, duk dosiyoyina da kwanan wata mai karkataccen layi na sa musu. Bari in fara gyarawa.

Mai Studiyo:
Jama'a barkanku da war haka, na dawo bayan kwana huɗu. Mac ya shiga, yana zubawa yana kwasa, jiya yaron ya tura bikin jiga 38 kafin in gama shan shayi zagaye na biyu. XP ya ba mu wahala yini guda, ashe katangar tsaronsa ce ta hana rabon dosiye, da aka buɗe sai ga "A buga" ya fito. Mun buga hoto tamanin ta nan.

Abu ɗaya ya tayar mini da hankali shekaranjiya da safe. Mun kunna, Mac ya ce bai ga komai ba. Ashe wani ya bar kile a jikin kwamfutar montaji, bayan an ɗan cire faifan don share tebur, kilen ya ƙwace harafin E, faifan ya koma F, rabon ya bi ruwa. Na kira Injiniya, ya sa na ba faifan harafin can ƙarshe, Z, inda ba mai zuwa ya ƙwace. Tun daga nan shiru. Injiniya, Hajiya, Ɗan Jami'a, Allah ya saka da alheri. Ɗan Tasawa kai ma na gode, ko ba komai kai ka fara amsawa.

Ɗan Tasawa:
Amin maigida. Ni dai har yanzu kilena FAT32 ne kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Ɗan Jami'a:
Baba Alhaji, ka tabbata reshen saba na SMB1 a kashe yake? Turo hoton allon in gani da idona.

Malam na Tibiri:
Injiniya, ni ma na kwashe namu, sai dai wurin da na samu bai ɗauke duka ba, saura wajen jiga ɗari biyu. Bakin kuwa yau ko littafin bai tokare shi. In kawo maka shi ranar Litinin, ko in nemi mai walda nan Tibiri shi liƙe?

Injiniya na Zariya:
Kada ka bari kowa ya kusance shi da ƙarfe mai zafi, Mushe. Kawo shi da kwansonsa da sharjarsa, bayan azahar ina shago.